Ka Tuhumi Kanka Tun Kaka: Abin Yi da Abin Bari Ga Samarin Wurno, Rabah da Goronyo

Da kai nake, ƙanena, kai da duk shekara in an yanke gero sai ka ce bana kam za a ga aiki. Ka faɗa bara, ka faɗa bara waccan. Ka ce za ka kama fadama ka zuba tafarnuwa, ka ce za ka yi saukar Alƙur'ani, ka ce za ka sake zana jarrabawar da ta kayar da kai, ka ce za ka tara kuɗin aure ba tare da an taɓa gonar gado ba. Ba wanda ya ce ƙarya kake yi, don kowa ya san har zuci kake nufi. Sai dai bazara ta sha zuwa ta same ka inda kaka ta bar ka. Ga abin da za ka yi, ga wanda za ka bari. Ban zo lallashi ba.

Ka ɗauki buri ɗaya, sauran su jira.

Kana son noman rani, kana son koyon gyaran injin ban ruwa, kana son babur na kabu-kabu, kana son komawa makaranta. Duk suna da kyau, amma jarinka ɗaya ne, jikinka ma ɗaya. Duba wanda in ya samu zai buɗe wa 'yan uwansa ƙofa. In tafarnuwa ce za ta haifi kuɗin babur, to bana shekarar tafarnuwa ce, kada in sake jin zancen babur a bakinka sai ka kwashe amfani.

Ka yanka masa rana, kada ka ce "sai an kwana biyu".

Manomin kwarin Rima bai kamata a koya masa wannan ba, don ƙasar da yake takawa ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. Alkama 'yar sanyi ce. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Disamba ake shuka ta, wanda ya makara kuwa zafin Maris zai riski zangarniya tun ƙwaya ba ta cika ba. Tafarnuwa ma hunturu take so, kuma kusan wata huɗu take yi a ƙasa. Albasa sai an yi renonta wajen mako shida kafin a yi dashe. To zauna ka yi lissafi da baya-baya: in ranar kaza zan yi dashe, yaushe zan zuba iri, yaushe zan gyara fangali, yaushe ya kamata inji ya dawo daga wurin mai gyara. Haka za ka yi wa karatu. In izu goma ya rage maka, ka san shafi nawa ne rabon kowace safiya, ka san watan da za a yi walima.

Ka ce in Allah ya so, dole ne ka faɗa. Amma kada ka fake da ita. An hore mu da ɗaure raƙumi tukuna sannan a yi tawakkali, kai kuwa ko igiyar ba ka saya ba.

Ka rubuta.

Sayi ɗan littafi da biro, ka rubuta da boko ko da ajami, wanda hannunka ya fi sabawa. Kuɗin iri, na taki, na maganin feshi, na 'yan ƙwadago, na dako, da kowace litar man da ka ɗura wa inji. Tun daga 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, farashinsa ya ninka fiye da sau uku, kuma har yau akwai mai lambun da bai san man nawa ya ƙona a rani guda ba. Yana dawowa daga kasuwar Achida da aljihu cike sai ya ɗauka ya ci riba, alhali uwar kuɗinsa ce ta dawo, ita ma da gibi. Ƙwaƙwalwa tana son mai ita, kullum sai ta rage masa asara ta ƙara masa ƙoƙari. Takarda ba ta yin wannan kara. Kuma ka tuna ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, wadda ke cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Alkawarin da ka yi wa kanka shi ma bashi ne.

Ka samu mutum ɗaya wanda kake jin nauyinsa, ka sa shi shaida.

Nan yawancinku kuke faɗuwa, don haka zan daɗe a nan. Mutum ba ya iya zama alƙali a shari'ar da shi ne ake ƙara. In ka makara, kai ne za ka kawo uzuri, kai ne za ka karɓa, kai ne za ka yafe. Shi ya sa kake buƙatar wani. Kawunka, ko yayanka, ko malamin zauren da ka yi allo a gabansa, ko Inna in tana da zafin da ya dace. Je ka durƙusa ka ce: "Kawu, ga abin da na ɗauka bana, ga ranar da na yanka. Ina roƙon duk mako ka tambaye ni." Sharaɗin shaida shi ne ka ji kunyarsa. Wanda za ka iya yi wa dariya ka ce "bari kawai, abin bai yiwu ba," wannan abokin hira ne, ba shi da amfani a nan. Kada kuma ka zaɓi wanda ke cin abinci a hannunka, domin bakinsa a ɗaure yake.

In ya tambaye ka ka ji zafi, to ka samu wanda ya dace. Kada ka fara sauya hanya don gudun ƙofar gidansa. Ranar da ka soma zagaye ta bayan masallaci don kada ku haɗu, ranar ka karya alkawarin, ko da shuka tana nan kore.

Kada ka yi shela.

Mutum ɗaya na ce, ban ce gari ba. Wanda ya ɗora hoton fadama a WhatsApp tun bai tayar da kunya ɗaya ba, ya riga ya sha "Allah ya sa albarka" ɗari, zuciyarsa ta ƙoshi da yabon aikin da bai yi ba. Bari buhu ya yi magana.

Kada asuba ta same ka kwance.

A ƙasar nan zafin Afrilu yana haura digiri 40. Ban ruwan da ba a yi da sanyin safiya ba, rabinsa rana ce ke shanyewa, harda ma da safe ta fi zama. Amma asuba tun dare ake shirya ta. Wasan ƙwallon Turai na dare ba ya tashi sai kusan ƙarfe 11, daga nan a zauna musu a bakin mai shayi har 1. Ban hana ka kallo ba. Zaɓi wasa ɗaya a mako, ka kalla, ka tafi gida. 'Yan wasan da kake wa ihu sun yi nasu atisayen tun safe, kuma an biya su.

Ka tare kuɗin kaka, kada ka sake su gaba ɗaya.

Kana da malami a kan wannan a ƙofar gida. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984 aka buɗe a 1992, an gina ta ne ta riƙe ruwa har kubik mita miliyan 942 a kan Kogin Rima. Aikinta ɗaya ne: ta tare ruwan damina, ta riƙa sakin sa da awo a rani, fadamu su sha, Sakkwato da Birnin Kebbi su samu na famfo. Kai shaida ne a kan abin da ke faruwa in awon ya ɓaci. A Satumbar 2010 ruwa ya zo da yawa lokaci guda, ya ci gonaki da ƙauyuka, ya bi har Sakkwato ya yanke hanyar Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A farkon 2018 kuma sai ga madatsar ta ƙafe har abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, hankalin kowa ya tashi. Aljihunka haka yake yi duk shekara, ambaliya a wata guda, ƙishirwa a wata goma sha ɗaya.

Don haka ranar da kuɗi suka shigo, kafin ka shiga kasuwa, kafin abokai su ji, ka raba su. Haƙƙin Allah da farko: in shinkafa ce ko alkama kuma ta kai nisabi, ɗaya cikin ashirin ga wadda aka shayar da inji, ɗaya cikin goma ga wadda ruwan sama ya shayar. Sai masu binka bashi. Sai jarin baɗi, wanda za ka mai da shi taki ko tunkiya ko ka damƙa wa shaidarka ya ɓoye, don kuɗin da ke kwana a ɗakinka ba sa ganin wata biyu. Sai hatsin gida har zuwa sabon gero. Abin da ya rage shi ne naka. In bai kai kuɗin sabuwar waya ba, to wayar ba taka ba ce bana.

Kada kuma ka zubar da albasarka duka a makon da kowa ke zubarwa. Lokacin cira kasuwa cike take, dillali ne ke da baki. Wanda ya ɗaure ya zuba wani kaso a rudu har damina ta yi nisa, shi ke sayarwa da daraja. Sai dai ajiyar albasa ba ta rago ba ce. Dole ka riƙa buɗewa kana tsince ruɓaɓɓu, in ba haka ba ɗaya ta ja goma.

Kada ka ci bashi da niyyar ƙin biya.

A Nuwambar 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance ta hannun Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi, ya bazu har nan. Wasu sun noma sun biya. Wasu ambaliya ta cinye su, waɗannan ba su da laifi. Amma akwai da yawa da suka karɓi taki da inji suka sayar a ranar, suka ce rabonsu ne na arzikin ƙasa. Ba kuɗin gwamnati ne damuwata ba. Damuwata ita ce mutumin da ya sa hannu a takarda yana sane ba zai cika ba, ya koya wa zuciyarsa cewa maganarsa ba komai ba ce. Irin wannan gobe in ya ce wa kansa "zan tashi da asuba," zuciyar ma ba za ta yarda da shi ba.

Kada ka kusanci caca, ko ta shago ko ta cikin waya. Ba a taɓa gina gida da ita ba sai gidan mai shagon.

Kada ka sha ƙwaya da sunan ƙarfin aiki.

Na san abin da ake cewa a bakin fadama, wai tiramol ke sa a yini ana huɗa ba gajiya. Ƙarfin gobe ne kake ranta ka ƙona yau, kuma ranar biya farfaɗiya ce ko tabin hankali. Tun watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, saboda ɓarnar da ya yi wa samari da 'yan matan Arewa. In ka riga ka faɗa, kada ka ɓoye wa shaidarka. Wannan ya zama burinka na bana, tafarnuwa ta jira, kuma ka nemi asibiti, don ba abin da ake bari da ƙarfin zuciya kaɗai ba ne.

Ka duba majalisarka.

In ku shida ne kuma ba mai sana'ar da ta tashe shi kafin azahar, kai ne na shidan, ba na dabam ba. Ba sai ka yi gaba da kowa ba. Ka yi sallama, ka gaisa, ka wuce. Za su ce ka fara girman kai. Su faɗa.

Ka raba abin da ya fi ƙarfinka da abin da ka yi sakaci a kansa.

Ba zan yi maka maganar horon kai kamar ban san inda kake zaune ba. A Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi ta Rabah, suka kashe mutane da dama, sauran suka yi gudun hijira zuwa Gandi. A Oktobar 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki, fiye da mutum 40 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Akwai gonakin da shekaru ke nan ba a taka su ba, akwai wanda ya sayar da komai ya fanso ɗan uwansa. Wanda wannan ta faɗa wa ba rago ba ne, kuma duk mai ce masa rago bai san Allah ba. Kada ka kai kanka gonar da aka ce kada a je don cika alkawarin littafi. Rai ya fi albasa.

Amma kada ka ɗauki musibar mutane ka rufe lalacinka da ita. A littafinka ja layi a tsakiyar shafi. Gefe guda ka sa abin da ba ka da iko a kansa: hari, ambaliya, tsadar taki, ranar da aka rufe hanya. Ɗaya gefen ka sa naka: ranar da ka makara, ranar da ka taɓa jari, ranar da ka bar ciyawa ta ci fangali kana bakin titi. Za ka ga gefen naka ya fi tsawo a yawancin makonni. In gonar nesa ta gagara, akwai ta bakin gari, akwai kiwo a gida, akwai sana'ar hannu.

Sannan ga wadda ba sassauci a cikinta: kada son kuɗin sauri ya sa ka kai wa mutanen daji mai, ko burodi, ko labarin wanda ya sayar da shanu. Wanda ya yi haka jinin maƙwabcinsa yana wuyansa, kuma ƙarshensa kowa ya sani.

Kada faɗuwa ɗaya ta kwantar da kai.

Kai ɗan Rabah, kana da misali a gida. Ahmadu Bello a garinku aka haife shi. Ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934. A 1938 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya rasu, ya nemi gadon kakanninsa, bai samu ba, aka naɗa Abubakar na Uku. Babban burin rayuwarsa ke nan, kuma har ya bar duniya bai hau wannan karaga ba. Aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau, ya tafi ya kama aiki. Shekara 16 bayan haka, a 1954, ya zama Firimiyan Jihar Arewa, a 1962 aka buɗe jami'ar da ke ɗauke da sunansa a Zariya. Da ya koma Rabah ya zauna yana ba da labarin yadda aka hana shi, da yau ba mai tuna shi sai danginsa. Kai kuwa tsutsa ta ci maka tumatir sau ɗaya, shekara uku kana ba da labari.

In ka karya tsarinka ranar Talata, ka koma ranar Laraba. Kada ka ce mako ya lalace sai wani. Kuma kada ka rama da aikin hauka na yini guda. Kaɗan mai ɗorewa shi addini ma ya fi yabo.

Kada ka yi tunƙaho da kabarin da ba ka koyi da mai shi ba.

Mutanen Wurno suna alfahari da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, kuma sun cancanta. Amma duba yadda ya zo garin. Shi ya gina Sakkwato a 1809, ya hau mulki a 1817, yana da damar ya zauna cikin ganuwa a yi masa fifita. Sai ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, ya tare a can, a bakin iyakar da hari ke fitowa, har ya rasu a 1837. Cikin wannan zaman na yaƙi da shari'a da karɓar baƙi bai ajiye alƙalami ba. Ya yi rubutu a kan mulki, da tarihi, da magani, kuma littafinsa Infaƙul Maisuri har yau da shi masana ke sanin tarihin jihadi. An kuma ruwaito cewa daga guminsa yake ci, ba ya taɓa baitulmali don cikinsa. In ka kai baƙo ziyara ka nuna masa hubbaren, ka shirya amsar da za ka ba shi in ya ce kai me kake yi.

In cirani za ka, ka tafi da adadi da ranar dawowa.

Ka faɗa wa shaidarka nawa kake nema, kuma ka riƙa turo masa ta POS duk mako, kada ka tara a jikinka a Legas ko Fatakwal. Ka dawo kafin ruwan shuka. Mun ga waɗanda suka tafi rani ɗaya, yau 'ya'yansu sun yi wayo ba su san fuskarsu ba.

Ke ma ƙanwata, ban manta da ke ba.

Duk abin da na faɗa ya hau kanki. Kuɗin ƙuli-ƙuli da na surfe da na ɗinkin hula, kada anko ya cinye su. Biki ba ya ƙarewa, ba kuma kowane ne sai da ke ba. In kin shiga adashi ki zuba a kan kari, kuma tun kafin kwasarki ta zo ki san abin da za ta zama, akuya ko keken ɗinki, in ba haka ba ranar kwasa 'yan uwa za su ji ƙamshinta. In karatu ne, ki tuna 'Yan Taru na Nana Asma'u, ɗiyar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Matan ƙauye ne, da aure da raino da daka, amma jajinsu ta ɗora malfa ta ja su a ƙafa zuwa wurin malama, su koyo su dawo su koyar. Makarantar Islamiyyar da ke bayan gidanki ba ta kai wannan nisa ba.

Ka yi wa kanka hisabi duk daren Alhamis.

Bayan isha'i, ka kashe waya, ka buɗe littafin. Tambaya uku ce: me na ce zan yi, me na yi, me ya hana. Kada ka rubuta "an yi ƙoƙari". Rubuta fangali nawa, shafi nawa, naira nawa. In ka cika, ka gode wa Allah ka yi shiru. In ka gaza, ka ɗora wa kanka tara mai ɗan ciwo wadda ka yanka tun farko, kamar hana kanka kallon wasan makon ko zuba wani abu a asusun masallaci, kuma ka biya ta kafin a sauko Juma'a.

Alhamis ɗin nan mai zuwa ka fara. Da safiyar Juma'a ka kai wa shaidarka littafin. In ba ka rubuta komai ba, ka kai masa shi haka nan fari, ka durƙusa ka saurari abin da zai ce maka.